Hanya ba gadon kowa ba ce

Akwai wata magana da takan taso a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, da duk garin da babbar hanya ta ratsa, a ranar da mota ko babur ya kaɗe yaro a ƙofar gidansu. Tun ba a tashi daga zaman gaisuwa ba, sai ka ji wani ya ce: «A toshe rariyar nan kowa ya huta!» Wani ya ce a kawo duwatsu, wani ya ce a kafa turakun ƙarfe, wani ya ce a'a, a ja gini daga wannan katanga zuwa waccan, yadda ko jikokinmu ba za su san an taɓa bi ta nan ba. Magana ce mai daɗin ji, kuma daga zuciyar da ta ƙuna take fitowa, shi ya sa ba a cika samun mai ƙarfin halin musa ta a wurin ba. To, abin da kunya ta hana a faɗa a zaure, ya kamata a faɗe shi a takarda. Kukan mutanen unguwa gaskiya ne, amma toshe hanyar da ke ɓullewa, toshewa ta har abada, zalunci ne da aka naɗa wa rawanin kare yara. Bai dace malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar al'adu ya rubuta takardar neman haka ba, alhali kuwa su ne ake fara nema idan za a rubuta ta.

Kukan da ba a musawa

Bari mu fara bai wa masu neman toshewa haƙƙinsu. Ƙonni a mararraba take zaune. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram har Difa, ta nan ta bi. Daga garin wata ta yanke kudu, ta tsallaka iyaka zuwa Illelar Nijeriya da Sakkwato. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, wata ta yi arewa ta Badagishiri zuwa Tawa da Agadas da Arlit. Ita ce motocin uraniyom suka yi shekara da shekaru suna gangarowa ta kanta, suna ratsa Ƙonni zuwa tashar Kwatano, kafin a rufe iyakar Benin a 2023. A gabas ga albasar Galmi da ake lodi zuwa Kumasi da Abijan, ga kuma simintin Malbaza. An gina sabuwar masana'antar Malbaza ne domin ta iya fitar da tan dubu 650 a shekara. Ɗan aji shida zai yi mana lissafin: in ta yi aiki da dukan ƙarfinta, kowace mota kuma ta ɗauki tan 40, motoci fiye da dubu 16 ke nan a shekara, wajen 45 kowace rana, ban da masu komawa wayam.

Garin shi ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A ƙidayar 1988 mutanen Birnin Ƙonni ba su kai dubu 30 ba. A ta 2012 sun haura dubu 60. Jama'a ta ninka, rariyoyin tsohon gari kuwa suna nan da faɗin da aka yanka masu tun zamanin jaki da raƙumi. A kan wannan sai ga babura masu araha, ga ƴan kabu-kabu, ga adaidaita. Ranar Laraba, ranar kasuwa, idan babbar hanya ta cushe, direba ba ya jira, sai ya karya kai ya faɗa cikin unguwa. Ƙura ta shiga tukunya, ta shiga randa, ta shiga ƙirjin jariri. Katangar ƙasa ta tsage saboda girgizar kamyo. Malami a cikin aji ya yi shiru yana jiran mota ta wuce kafin ya ƙarasa jimlarsa. Uwa ta aiki ɗanta sayen gishiri, zuciyarta ba ta kwanciya sai ta ga ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan ɗaya da dubu 200 a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, ita da ta fi kowa ƙarancin motoci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a kan ciwon muke jayayya ba, a kan maganin ne.

Motar da ka kora, ina ta nufa?

Wannan ita ce tambayar da mai neman toshewa ba ya son ji. Direban da ya ɗauko kaya daga iyaka ba zai sauke su ya koma gida ba don ya tarar da turaku. Juyawa zai yi ya shiga rariyar da ke biye, wadda ta fi ƙunci, wadda ita ma akwai yara a cikinta. Ƙurar da ka kora daga tukunyarka ta koma tukunyar maƙwabcinka, kuma ta haɗu da wadda yake sha tun da. Ba a rage mota ko ɗaya ba, an dai sake mata ƙofar da za ta bi.

Sa'an nan mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wace rariya ce za a iya toshewa a zauna lafiya? Wadda attajiri ke ciki ce, ko babban ma'aikaci, ko wanda idan ya ɗaga waya ake amsa masa da «ranka ya daɗe». Rariyar ƴan haya da ƴan ci-rani, in ta kuskura ta ɗora dutse da safe, kafin azahar an zo an kwashe shi an kuma ci ta tara. Ashe ke nan toshewa ba za ta bi yawan haɗari ba, faɗa-a-ji za ta bi. Idan wannan ya toshe, na kusa da shi ya ga abin ya yi kyau shi ma ya toshe, a ƙarshe dukan motocin unguwa za su taru a hanya ɗaya ko biyu, kuma kowa ya san waɗanne ne: waɗanda babu mai tsaya masu, waɗanda sau da yawa makarantar gwamnati da gidan likita ke bakinsu.

Mutumin Ƙonni ya fi kowa sanin abin da rufe hanya ke haifarwa, domin an gwada shi a jikinsa har sau biyu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake rufe su, ba a buɗe tsakaninmu da Nijeriya ba sai a watan Maris na 2024. Shin mutane sun daina zuwa Illela? Sun daina kai gaisuwar mutuwa Sakkwato? Ko kusa. Ƙafa da babur suka buɗe hanyoyin daji ta cikin gonaki, kuɗin tafiya ya hau, kaya suka yi tsada, mai ƙarfi ya wuce, marar ƙarfi ya biya. Duk mun la'anci wannan rufewa, mun ce waɗanda suka yanke ta a Abuja ba su san Ƙonni da Illela gida ɗaya ba ne. Yaya kuma za mu dawo cikin gari mu yi wa junanmu ƙaramin abin da muka yi kuka da babbansa?

Akwai kuma waɗanda ba a kiran su taron, alhali su ne gini zai fi cuta. Mai mota, idan aka ce ya kewaya, ɗan mai kaɗan zai ƙara ƙonawa. Ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki, da guminsa zai biya kewayen, sau goma a wuni. Haka mai amalanke da ya ɗauko hatsi, haka tsohuwa mai tallan fura, haka makaho da ɗan jagoransa, haka mai ƙaramin kanti da cinikinsa ya dogara ga masu wucewa. Ranar da naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ranar da wuta ta tashi motar kashe gobara ta iso bakin gini ta tsaya, ranar da aka ɗauko makara za a nufi maƙabarta, a ranar ce za a san tsawon kewaye. Kada kuma a manta da ruwa. A garuruwanmu da magudanai ba su wadata ba, rariya ita ce hanyar ruwan damina. Wanda ya gitta mata gini ya yi madatsa ne, kuma ruwan da aka tare gidan wani zai shiga. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta rusa gidaje dubbai. Ruwa ba ya karanta takardar izini.

Ta wa ce hanya?

Tushen kuskuren shi ne zaton cewa wanda ƙofarsa ke kallon hanya shi ne mai ita. Shari'ar Musulunci, da dokar ƙasa, da al'adar kakanni, duk ukun sun ƙi wannan zato.

A cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito an nuna cewa idan mutane suka yi jayayya a kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai. Wato hanya tana da nata haƙƙi da ba a ci don daɗin masu gidaje. An kuma lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin sadaka. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, sun tsefe wannan batu daki-daki. Ibnur Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun gine-gine, ya tattara hukunce-hukuncen a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Sun raba hanya gida biyu. Akwai lungu marar ɓullewa: wannan na mazaunansa ne, suna iya sa masa ƙofa idan dukansu suka yarda. Akwai kuma hanya mai ɓullewa: wannan ta jama'a ce baki ɗaya, na gida da baƙo, kuma mazaunanta, ko sun haɗa baki, ba su da ikon mallake ta. An yarda mai gida ya amfana da ƙofar gidansa, ya yi dakali, ya ɗaure dabba, da sharaɗin kada ya ƙuntata wa mai wucewa. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, nan kusa da Galmi, kuma ƙanensa Abdullahi ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hukuncin ƙasa da hurumi, wato filin da ake bar wa jama'a, wanda ba a yarda mutum ɗaya ya killace ba.

Wani zai ce: ai motar da ke gudu ita ce abin cutarwar, kawar da ita kuwa lada ne. Madalla. To a kawar da cutar, wato gudun da nauyin, a bar hanyar. Wanda ya ga ƙaya a hanya ƙayar yake ɗaukewa, ba ya haƙe hanyar.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Titi dukiyar jama'a ce, ba a sayar da ita, kuma daɗewar mutum a kanta ba ya mayar da ita tasa. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora wa magajin gari alhakin tsara zirga-zirga a cikin gari. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, wannan nauyi a wuyansu yake. Rashin zaɓaɓɓun wakilai da za su yi muhawara a majalisa ya ƙara wajabta wa sarki da masu unguwanni da ƙungiyoyi su tabbata an ji ta bakin kowa kafin a sa hannu a kan kome, domin takardar da mutum goma masu faɗa-a-ji suka kai ofis ba ita ce muryar gari ba.

Masu kafa hujja da al'ada sukan ce: ai sunan garin ma Birni, kakanninmu da ganuwa suka kewaye kansu. Gaskiya ne, kuma ganuwar Ƙonni tana tsaye har sojojin Voulet da Chanoine suka afka wa garin a watan Mayun 1899. Amma ganuwa don maƙiyi aka gina ta, ba don mutumin unguwar gaba ba, kuma ba a taɓa gina ganuwar da ba ta da ƙofa ba. Da dare a rufe, da asuba a buɗe, fatake su shigo, gari ya ci. Birnin da ya liƙe ƙofofinsa ya zama kufai.

In ana son misalin da ya fi kusa, a dubi burtali. Manomin da ya ci burtali da garma shi ma yana da hujja: dabbobi na yi masa ɓarna, gonarsa ta yi masa kaɗan, ƴaƴansa sun yi yawa. Amma garken bai ɓace ba don an share hanyarsa. Gonar wani ya faɗa. Mun ga inda rikicin manoma da makiyaya ke kaiwa, a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, da Bangi ta gundumar Madawa a 2016. Shi ya sa dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 suka tsare burtali, aka kafa masa alamu, aka ce ba na mai gonar da ke gefensa ba ne. Malaman da suka yi shekaru suna wayar da kan ƙauyuka a kan wannan, bai kamata su shigo birni su manta darasin ba. Rariya ita ce burtalin mutanen gari.

«Ai Turawa ma suna yi»

Wannan ita ce hujjar ƴan boko, kuma ta cancanci amsa. Gaskiya ne biranen Turai da dama sun hana motoci bin wasu tituna, kuma bincike ya nuna cewa a wurare da yawa wani kaso na motocin yakan ragu ɗungum, ba ya komawa ko'ina. Amma me ya sa? Domin mai motar yana da jirgin ƙasa, yana da bas, yana da hanyar keke, sai ya ajiye motarsa a gida. Kamyon albasa wane jirgi zai hau? Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai ɗauke wa hanya buhu ko ɗaya ba. Kayan da ke ratsa Ƙonni ba yawon shan iska suke yi ba, balle a ce su haƙura.

Ko a can ɗin ma abin bai tafi sumul ba. A 2016 birnin Paris ya hana motoci bin hanyar bakin kogin Sen. Mutanen kewayen birni suka kai ƙara, a watan Fabrairun 2018 kotu ta soke hukuncin saboda nazarin da aka yi a kan illolinsa bai gamsar ba, sai da aka sake sabon hukunci kafin rufewar ta tabbata. A Landan an toshe titunan unguwanni da yawa a 2020. Gundumar Wandsworth ta janye nata bayan ƴan makonni, ta Ealing kuma ta cire bakwai daga cikin nata a 2021 bayan ta nemi ra'ayin mazauna. Masu motar ɗaukar majinyata sun koka da shingayen da ba su buɗuwa, har aka maye gurbin da yawa da na'urar ɗaukar hoto mai barin motar ceto ta wuce. Abin lura shi ne, a duk waɗannan wurare hukuma ce ta yi, bayan ƙidaya, a matsayin gwaji, mai tafiya ƙasa da mai keke suna wucewa, kuma akwai kotun da wanda aka cuta zai je. Wanda ya kwaikwayi shingen ya bar waɗannan sharuɗɗa, ya ɗauki ɓawo ne ya zubar da ƙwaya.

Legas ta fi Landan kusa da mu. Can mazauna unguwanni suka yi ta kafa ƙofofin ƙarfe a bakin tituna saboda tsoron ɓarayi, har abin ya hana motocin asibiti da na kashe gobara da na ƴan sanda isa inda ake neman su. A 2009 gwamnatin jihar ta ba da umurnin a bar ƙofofin a buɗe daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin yi.

An bar jaki ana dukan taiki

Ba wucewa ke kashe yaro ba, gudu ne. Kowane malamin kimiyya ya san cewa idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita takan ninka sau huɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya nuna cewa mai tafiya ƙasa da aka kaɗe a gudun kilomita 30 a awa, tara cikin goma yakan rayu, amma a gudun kilomita 45 ko rabi ba su tsira. Don haka ne taron ministocin duniya da aka yi a Sitokom a 2020 ya yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. Ba wucewa ke tsaga katanga da fasa kwalta ba, nauyi ne. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa idan nauyin da ƙafafun mota ke ɗauke da shi ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kamar sau 16. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 da ta ƙayyade lodin manyan motoci, aka yi ta ɗage ranar aiki da ita sosai. Motar tankin mai kuma ba ta da abin yi a tsakiyar gidaje; wadda ta kife ta kama wuta kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019 ta ci rayuka fiye da 70.

Waɗannan su ne jakin. Hukumar da ke karɓar kuɗin kasuwa da na tasha da na shiga gari, ita ce ya kamata a tsare da tambaya: ina hanyar da aka ware wa manyan motoci, ina wurin kwanansu a wajen gari, ina allunan gudu, ina mai kama wanda ya karya? Shirye-shiryen bikin 18 ga Disamba sun gyara titunan manyan biranen jihohi, Tawa ta samu nata a 2017, amma garuruwan da ke ɗauke da nauyin fataucin ƙasa a kan ƙirjinsu su ma suna da haƙƙi. Toshe rariya yana yi wa hukuma daɗi, domin yana mayar da fushin jama'a kan junansu: wannan unguwa da waccan su yi ta cacar baki, wanda ya kamata ya amsa tambaya ya samu barci.

Mu ma kuma in ɓera da sata, daddawa da wari. Wa ya zuba yashi da bulo a rabin hanya wata shida? Wa ya fito da rumfar kantinsa har inda ya kamata yara su taka? Wa ya haƙa ramin ruwan wanka a waje? Wa ke kafa tanti ya tare hanya kwana uku saboda biki, ba tare da ya nemi izini ko ya nuna wa mutane ta inda za su bi ba? Wa ke tayar da tudun ƙasa cikin dare, ba fenti ba alama, ɗan kabu-kabu ya zo da mace mai goyo ya yi karo da shi? Wa ke miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu makullin babur? Rabin cunkoson da ke koro motoci cikin unguwa, hannunmu ne ya haɗa shi.

Abin da ya kamata a nema

Na farko, a ƙidaya kafin a yanke. Ɗaliban koleji da lise, ƙarƙashin malamin lissafi ko na labarin ƙasa, za su iya zama mako guda, har da ranar kasuwa, su rubuta abin da ke wucewa awa-awa: kamyo nawa, ƙaramar mota nawa, babur nawa, amalanke nawa, mai ƙafa nawa. A yi haka a rariyar da ake kuka da ita da kuma biyun da ke gefenta. Darasi ne da ya fi na allo, kuma hujja ce da ba a turewa da tsawa.

Na biyu, a nemi a fitar da manyan motoci daga cikin unguwanni baki ɗaya, ba daga rariya ɗaya ba: hanyar da aka ayyana masu, lokacin da aka yanka masu, wurin tsayawa a wajen gari, da hanyar kewaye ga waɗanda ba su da abin saukewa. Inda aka riga aka ware wuri, a tilasta amfani da shi.

Na uku, gudun kilomita 30 a gaban kowace makaranta da kasuwa da gidan likita, da tudun rage gudu wanda ma'aikatan hanya suka gina bisa awo, aka shafa masa fenti, aka kafa masa allo.

Na huɗu, a gaban makarantu a rufe hanya na ɗan lokaci, rabin awa lokacin shiga da rabin awa lokacin tashi, da sandar da ake ɗagawa, da izinin hukuma, iyayen yara da kwamitin makaranta suna karɓa-karɓar tsaro. Wannan ita ce ƙofar birni ta kakanni: tana rufuwa, tana buɗuwa, kuma akwai mutum a bakinta.

Na biyar, idan duk an yi wannan wata rariya ba ta samu sauƙi ba, a rage mata baki da turakun da ake iya cirewa, yadda kamyo ba zai shiga ba amma amalanke da kura da makara da motar majinyata za su wuce, ruwa ma ya wuce. A gwada wata uku, a haɗa da damina, a sake ƙidaya, sa'an nan a kira taro. A taron nan a zaunar da mutanen rariyar gaba a sahun farko, a kira mata, a kira ƴan garuwa da ƴan kabu-kabu da direbobi. In sun ce abin ya cuce su, a tuge turakun. Lungun da ba ya ɓullewa kuwa, in dukan mazaunansa sun yarda, su sa ƙofarsu, babu mai ce masu don me.

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi, wannan aiki naku ne, domin alƙalami a hannunku yake, dandalin wasan kwaikwayo na gidan matasa a hannunku yake, kuma ku ake gayyata gidajen rediyo. Idan uban da ransa ya ɓace ya zo ya ce ku rubuta masa takardar toshe hanya, kada ku kore shi, kada kuma ku biye masa. Ku zaunar da shi, ku kira maƙwabcinsa na rariyar baya, ku rubuta masu takarda ɗaya da za su sa wa hannu su biyu, wadda ke neman abin da zai tsare ɗan wannan ba tare da an miƙa ɗan wancan ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya kuma ba mu ikon tsare na maƙwabta.